Ranar da Na Ceci Jaririn da Ba Ya Neman Ceto

Tsufa ya kwashe abubuwa da yawa daga kaina: sunayen otal-otal, lambobin gidajen da na zauna, har da fuskokin wasu manyan da na yi wa tafinta. Amma abin da ya same ni a ƙofar wani shagon shayi a ƙasar Danmak ba zan taɓa mantawa da shi ba. Ko na so in manta, Hausawan Alƙahira ba za su bar ni ba.

A da, duk Bahaushen da ke zaune a birnin nan, ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar, ma'aikacin ofishin jakadanci ne ko ɗan kasuwa, idan tafiya ta taso masa zuwa ƙasar Turawa, gidana na unguwar Dokki yake fara zuwa. Aikin tafinta na yi fiye da shekara talatin, ya kai ni Sudan da Saudiyya da Faransa da Jamus da wasu wuraren da ni kaina sai na duba tsohon fasfo nake tunawa. Ina jin Larabci da Turanci da Faransanci, da ɗan Jamusanci na sayen burodi da tambayar hanya. Mutum zai zo ya zauna, in ba shi shayi, in kuma zayyana masa ƙasar da zai je: abin da zai sa, abin da zai ci, yadda zai gaisa, abin da zai guje wa. (Ko ƙasar da ban taɓa takawa ba, ba na rasa abin faɗa a kanta. Wannan ma laifi ne, amma ba shi ne a gabanmu ba yau.) Yanzu kuwa har gobe ana zuwa gidan, ana shan shayin, sai dai kafin kofi ya huce za ka ji baƙo ya gyara murya ya ce, "Baba Tafinta, wai da gaske ne labarin jaririn nan?"

Da gaske ne. Ga yadda aka yi.

Matata Hajiya Rabi mun haura shekara arba'in tare. Duk yawon da na yi, ita tana gida da 'ya'ya biyar, da farko a Kano, daga baya a nan Masar. Ta san Alƙahira fiye da ni, Larabcinta na kasuwa ya fi nawa kaifi, kuma ba a haifi mai sayar da tumatir ɗin da zai cuce ta ba. Amma ba ta taɓa taka Turai ba. Hutunmu a wancan zamani bai wuce Iskandariyya ba: a hau jirgin ƙasa, a ci kifi a bakin teku, a dawo da yashi a takalma. Kullum ina ce mata idan na yi ritaya zan kai ta. Na yi ritaya, shekaru suka ja, na yi shiru. Wata rana na gama yi wa wani ɗalibi bayanin jiragen ƙasa na Jamus, ya fita ke nan, ta shigo kwashe kofuna ta ce, "Alhaji, wai Turan nan da kake ta rabawa mutane, tana nan kuwa, ko an ɗage ta?"

Washegari na hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa Wustul Balad da ke tsakiyar birni, wajen wani Bamisire mai shirya tafiye-tafiye da na daɗe da sani. Ya jawo wani ɗan littafi mai sheƙi ya tura gabana. "Danmak, ya Hajji. Ƙasa 'yar ƙarama, tsaf-tsaf, ba hayaniya, ba zafi. Tamam, daidai da dattawa irinku."

Har yau in na tuna littafin nan raina ɓaci yake. Ya nuna gidaje masu launi-launi a jere bakin ruwa. Ya nuna fadojin sarakunansu, da jiragen ruwa, da kekuna, da wani burodi baƙi da ake ɗora wa kifi a ci a buɗe ba marfi. Ya faɗi inda za a samu abincin halal. Har inda ake hayar laima ya faɗa. Amma abu ɗaya da zai iya jefa dattijo a hannun 'yan sanda, ko layi ɗaya bai samu ba. Wane irin littafi ne wannan? A gaya maka tsawon hasumiya, a ƙi gaya maka yadda mutanen ƙasa suke yi da 'ya'yansu?

Ban taɓa zuwa Danmak ba, amma ban ga dalilin sanar da Hajiya wannan ba. Da ta tambaya, cewa na yi, "Turai ai duk ɗaya ce. Wanda ya zauna Jamus ya san maƙwabciyarta."

A cikin jirgi na kafa mata dokoki. Kar ta gaida wanda ba ta sani ba. Kar ta yi ciniki, abin da aka rubuta shi ne kuɗin. Kar ta tsallaka titi irin na Alƙahira, wato a ɗaga hannu ɗaya a faɗa tsakanin motoci a bar wa Allah sauran. Sai doka ta ƙarshe, wadda na maimaita har sau biyu ina kaɗa yatsa, domin na san halinta: ba ta iya wuce jariri ba ta ja kumatunsa ba. "Hajiya, kar ki taɓa ɗan kowa. Can ba Dokki ba ce. Bature ba ya wasa da wannan."

Ta ce, "To, Alhaji."

(Ka riƙe wannan dokar a ranka, mai karatu. Za mu dawo kanta.)

Gaskiya ƙasar tana da kyau, ba zan hana ta haƙƙinta ba don abin da ya biyo baya. Abin da ya fara dukana shi ne shiru. A Dokki hon ɗin mota harshe ne mai zaman kansa, da shi ake gaisuwa da zagi da neman gafara. A can sai muka yi yini ban ji hon ko ɗaya ba, har na fara zargin kunnena. Kekuna kuwa kamar fara. Mutum da kwat da lakataya a kan keke, tsohuwa sa'ata a kan keke, uwa da yara biyu a cikin wani akwati a gaban keke. Mutanen ba sa gaisuwa, amma ba irin rashin gaisuwar Faris ba ne, inda za a ƙi kula ka kuma a nuna maka an ƙi. Su dai kawai sun bar ka da rayuwarka. Ni da na zauna Sudan, inda gaisuwa ɗaya kan cinye rabin safiya, sai na ji kamar an ba ni hutu biyu.

Yadda muke yawo shi ne: ni a gaba da littafin a buɗe ina karanta wa Hajiya tarihin gini, ita a baya tana kallon mutane. Sau biyu ta fizgo ni daga kan hanyar kekuna, na ce ai na gani. Ban gani ba.

A rana ta huɗu muka hau jirgin ƙasa zuwa wani ɗan gari a bakin teku. Ƙarshen lokacin zafinsu ne, in ji su. Mu kuwa da muka baro Alƙahira tana tafasa, iskar da ke tasowa daga ruwan nan har cikin ƙashi nake jin ta. Na sa rigar sanyi biyu, na ɗora babbar riga, na naɗe wuya, na danna hula har kunne. Da hantsi muna tafe a wani titi mai shaguna a jere, sai na hangi keken tura jariri a jingine da bango, kusa da tagar wani shagon shayi. Ba kowa a wajen. Na ɗauka wofi ne. Da muka zo daidai na leƙa.

Jariri ne a ciki. Ɗan mitsitsi, an naɗe shi ba a ganin komai sai hanci da kumatu jajaye. A waje. A titi. Cikin wannan iska.

Na duba dama, na duba hagu, babu uwa, babu uba, babu ko kare. Wani mutum ya wuce a keke bai ko waiwaya ba. Wasu mata biyu suka gifta suna hira kamar kwandon shara suka wuce. Nan fa jinina ya hau. Na ga talauci iri-iri a duniya. Na ga matar maigadin gidanmu a Dokki tana wanke bene da ɗa a kafaɗa. Na ga mata a gona da goyo, rana na dukansu. Amma ban taɓa ganin inda aka ajiye jinjiri a titi kamar takalmi a ƙofar masallaci ba, kuma wai a ƙasar da littafi ya ce ta ci gaba!

Hajiya ta riƙe min hannun riga. "Alhaji, bar shi. Barci yake."

"Barci? A wannan sanyin? Suma dai!"

"Haka suke yi. Tun ranar da muka sauka nake ganinsu. Jiya ma na ga uku a jere, kana karanta min labarin wata gada."

"Hajiya, ke kin san Turai ne? Mutanen nan suna da doka a kan komai. Wannan yar da shi aka yi."

"Wanda aka yar ba a sa masa hular ulu mai kunnen zomo. Kuma dubi wancan abin a gefensa." Ta nuna wata 'yar na'ura kamar ƙaramin rediyo, da ɗan haske kore yana ƙyaftawa. Ban kalla ba. Mutumin da ya riga ya ɗaura niyyar zama gwarzo ba ya kallon na'ura.

Ta ce, "Kai fa ka ce kar a taɓa ɗan kowa."

Na ce, "Ke na ce wa."

Na sunkuya na ɗauke shi.

Bari in faɗi wani abu a nan da ban faɗa wa 'yan sanda ba sai da aka matsa min. Ina manna yaron nan a ƙirjina na ji ɗuminsa ya ratsa riguna uku. Ɗumi ne irin na burodin da aka fitar yanzu. Ya fi ni ɗumi nesa ba kusa ba. A wannan daƙiƙar wata 'yar murya a cikin kaina ta ce, mayar da shi, ka yi kamar gyara masa bargo ka yi. Amma Hajiya tana kallona, kuma na riga na ce mata ba ta san Turai ba. Sai na lulluɓe shi da hannun babbar riga na miƙe.

Da a ce shagon shayin da keken yake jikinsa na shiga, da abin ya ƙare a minti ɗaya. Amma ƙofar gaba, shagon burodi, a buɗe take, kuma na hangi mata a layi. Hankalina ya ce min uwar tana cikinsu. Na juya wa tagar baya, na taka da sauri na shige.

Na tsaya a tsakiyar shagon na ɗaga murya da Turanci: "Ɗan wane ne wannan?" Na maimaita da Jamusanci. Na maimaita da Faransanci. Da fushi ya ci ƙarfina sai Larabcin Masar ya ƙwace: "Haramun alaikum!" A nan jaririn ya farka. Ya buɗe ido ya ga baƙuwar fuska da farin gemu da hula, ya ja numfashi, ya saki wata irin ƙara da ta tabbatar wa kowa huhunsa lafiya lau.

Ban daina ba. Ina jijjiga shi ina wa'azi. Na gaya musu na zagaya duniya. Na gaya musu a ƙasarmu ko akuya ba a bari a waje cikin irin wannan iska. Na gaya musu suna da tituna masu tsabta amma ba su da tausayi. Mutum wajen takwas suka tsaya da burodi a hannu suna kallona, ba wanda ya ce uffan, kuma na ɗauki shirun nan a matsayin kunya ce ta kama su.

Sai muka ji ihu daga waje.

Na sha jin kuka a rayuwata, amma wannan daban ne, kuma ba na sa shi cikin abin dariya. Wata doguwar yarinya, ba za ta wuce sa'ar autarmu ba, ta faɗo shagon ba ko rigar sanyi a jikinta, fuskarta fari fat, a hannunta 'yar'uwar na'urar nan da Hajiya ta nuna min, wadda take sauraron motsin ɗanta da ita. Ashe tana zaune a jikin tagar shagon shayin, taku uku tsakaninta da keken, gilashi ne kawai ya raba su. Ta tashi karɓo shayinta, ta juyo, ta ga keke wayam, ta kuma ga gefen wata babbar riga yana ɓacewa.

Ta fizge ɗanta. Ni kuma, don Allah ka ji ƙarfin hali, sai da na ce mata, "Au, ke ce uwar? Yanzu kika tuna da shi?"

Wani ƙato mai ɗaure da ƙyallen aiki ya fito daga bayan kanta ya tsaya a bakin ƙofa. Bai taɓa ni ba, ya dai cika ƙofar. Wata mata ta ɗaga waya. Kafin in gama tsara abin da zan ce, 'yan sanda biyu sun iso, mace da namiji.

Suka karɓi fasfo ɗinmu. A nan ne sanyin gaske ya kama ni. Na hango kaina, ɗan shekara saba'in da ɗoriya, a bayan kanta a ƙasar mutane da tuhumar satar yaro. Na hango ana buga waya ofishin jakadancinmu, yaran da na koya wa rubuta wasiƙa su ne za su ɗauka. Na hango 'ya'yana suna jin labari. Fiye da duka, na ji idon Hajiya a bayana.

Na fito da Turancina na taron manya na fara bayani. Matsalar ita ce bayanin nawa duk ƙara ne nake kai uwar yaron. 'Yar sandan ta bar ni na gama, sannan ta yi min tambayoyi cikin sanyin murya kamar likita.

"Yaron yana kuka ne lokacin da ka gan shi?"

"A'a."

"Ka tambayi wani kafin ka ɗauke shi?"

"Babu kowa."

"Ka leƙa tagar?"

"A'a."

"Da ka ɗauke shi, jikinsa da sanyi?"

Sai da ta maimaita na ce, "Da ɗumi."

Ta ce min a ƙasarsu haka jarirai suke barcin rana, a waje, a naɗe, ko da sanyin ya fi haka, don sun yarda iska tana yi musu amfani, kuma ita ma haka aka rene ta. Ta ce abin da ba a saba gani ba shi ne baƙo ya ɗauki ɗan mutane ya tafi da shi. Ta juya ga uwar, suka yi magana da harshensu, wanda ba ya cikin huɗun da nake taƙama da su. Uwar tana girgiza kai, ta ƙanƙame ɗanta. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane maganar tafiya da ni ofis ake yi.

Sai Hajiya ta ratsa ta gabana. Ta ja kujera kusa da yarinyar ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Alhaji, fassara."

Ka sani, mai karatu, abin alfaharina ɗaya a aikin tafinta shi ne ban taɓa ƙara wa mai magana ko rage masa ba. Na fassara zagi tsakanin manya ban tausasa ba. Hajiya ta san wannan, don ta ji shi a bakina ya fi sau ɗari.

Ta ce, "Ka ce mata, 'yata, na san abin da kika ji. Ɗana ya taɓa ɓace min a kasuwa a Masar, na ɗan lokaci kaɗan, yau yana da 'ya'ya uku amma har yanzu ina mafarkin ranar."

Na fassara. Yarinyar ta ɗago ta kalle ta.

"Ka ce mata wannan tsoho da take gani mijina ne. Ba ɓarawo ba ne. Shisshigi ne ya yi masa yawa, da ganin ya fi kowa sani. Na ce masa ya bar yaron, ya ce ni ban san Turai ba."

Na ce da Turanci, "Matata ta ce ni mutumin kirki ne, kuskure aka samu."

Hajiya ta juyo. "Wannan fassarar ta yi gajarta. Kuma ban ji ka ce Turai ba. Faɗi duka."

Na faɗi duka. A gaban 'yan sanda biyu, da mai burodi, da mutum takwas da har yanzu ba su tafi ba, na tsaya da bakina na sanar da su cewa ni mai shisshigi ne mai ganin ya fi kowa sani. Ɗan sandan namiji ya juya yana nazarin burodin da ke kan kanta.

Ba ta gama ba. "Ka ce mata 'ya'ya biyar na haifa masa. Ranar haihuwar uku daga ciki yana wata ƙasa yana yi wa wasu magana. Bai taɓa tashi don kukan jariri ba, bai san yadda ake wanke su ba. Yau ne Allah ya nufa ya zama uwa, kuma ya fara da ɗan mutane."

Wannan ta shige ni. Na kalle ta, ta kalle ni, ba fushi a idonta, ba kuma wasa. Na fassara, kalma bayan kalma, kuma ban taɓa yin fassarar da ta yi min nauyi a harshe kamarta ba.

Yarinyar ta yi wata irin dariya da ta haɗu da kuka, ta share hanci da bayan hannu. Hajiya ta ciro waya ta shiga nuna mata hotunan jikoki, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya da Hausa, ita kuma tana gyaɗa kai kamar tana ji. Can ta ce wani abu da Turanci tana kallona, ya zama dole in juyar wa Hajiya: "Ta ce mahaifinta ma haka yake."

Hajiya ta ce, "Allah ya ba uwarki haƙuri." Wannan ma na fassara.

Aka rubuta sunana a ɗan littafi, aka dawo mana da fasfo, aka ce in na sake ganin abin da ya dame ni in tambaya tukuna. Muka fito tare. A kan idona yarinyar nan ta mayar da ɗanta cikin keken, ta ja masa bargo, ta gyara na'urar, ta bar shi a waje cikin iskar nan, ta koma wajen shayinta. Na buɗe baki. Hajiya ta taka min ƙafa.

Sauran kwanakin hutun ita ce a gaba, ni a baya. Littafin na bar shi a otal.

A jirgin dawowa na roƙe ta maganar ta tsaya tsakaninmu. Ta ce, "Daga bakina ba wanda zai ji." Kuma ta cika alkawari, ina shaida. Ni na tona wa kaina asiri.

Juma'ar farko da dawowarmu, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a gidan shayin da muka saba a Dokki, mu dattawan Hausawa, aka ce in ba da labarin Danmak. Da na tsaya a kan kekuna da gidaje masu launi, da na tsira. Amma fushin bai huce ba. Na ce, "Mutanen nan jarirai suke ajiyewa a titi! Cikin sanyi! Su shiga shan shayi!" Aka yi ta salati. Na ji daɗin salatin, na ƙara da cewa, "Abin mamaki kuma, in ka ji jikin yaron, ɗumi kamar burodi."

Alhaji Isuhu, wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram da muka shekara ashirin muna tsokanar juna, ya ajiye kofinsa a hankali. "Tsaya, Tafinta. Kai yaya aka yi ka ji ɗumin jikinsa?"

"Ai... ana gani."

"Ana ganin ɗumi? Ta cikin bargo? Ɗauka ka yi?"

"Ɗan dubawa dai."

"Uwar tana ina?"

"Isuhu, shayinka zai huce."

"Bar shi ya huce. Yalla, maza, daga farko. Kuma in ka rage, Hajiya zan aika a tambaya."

Kafin la'asar ya tatse ni tas, har da 'yan sanda, har da fassarar. Ya yi dariya har sai da mai shagon ya kawo masa ruwa. Na koma wajen mai shirya tafiyar nan na Wustul Balad don in sauke fushina a kan littafinsa, ya saurare ni da kyau, ya ce, "Ma'alish, sai haƙuri, ya Hajji. Shekara da shekaru ina tura mutane can, ba wanda ya taɓa ɗaukar jariri." Ya ce zai faɗa wa masu zuwa nan gaba. Daga yadda kafaɗunsa suke rawa na san ba a matsayin gargaɗi zai faɗa ba.

Bayan wata guda aka yi suna a unguwar Mohandessin, gidan wani matashin ma'aikacin ofishin jakadancinmu. Na sa farar shadda, na shiga da sallama cikin natsuwa irin ta dattawa. Falo cike, maza a gefe, mata a ciki ƙofa a buɗe. Madam Rifkatu, wata sakatariya 'yar Kafanchan da ba ta raga wa kowa, ta hango ni ta miƙe tsaye ta tafa hannu.

"Jama'a, kowa ta riƙe ɗanta! Ga Baba Tafinta ya iso!"

Gidan ya ɗauka. Wata ta rungume ɗanta ɗan shekara shida tana ihun a taimake ta. Na nemi Hajiya da ido ko za ta cece ni, na same ta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Da aka natsa, uban jaririyar ya fito da ita a cikin farin zane don dattawa su sa albarka. Ya zo gabana ya miƙo. A da da hannu biyu zan karɓa ba tare da tunani ba. Sai na ga hannuwana sun tsaya a kan gwiwa. Na leƙa ta ƙofa na nemi maijegon, na ce, "'Yata, kin yarda in ɗauka?"

Aka sake fashewa. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗauki, Baba. Amma a nan cikin falo."

Har gobe ina nan a kan bakana: ban yarda a kwantar da jinjiri a titi ba, ko da na'ura goma a gefensa, kuma wanda ya rubuta littafin nan bai kyauta min ba. Amma na gane harshe huɗu ba su hana mutum rashin gani, kuma wadda ta yi kwana uku tana kallo ta fi wanda ya yi shekara talatin yana bayani sanin ƙasar. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar ɗan kowa ba sai na tambayi uwarsa. Idan kuma wani ya zo gida neman shawarar tafiya, ni nake zuba shayin, Hajiya ce take magana.